Me ya hana hokin ƙanƙara zama a Atlanta?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Atlanta. Ya ce mini sau biyu birnin yana samun ƙungiyar hokin ƙanƙara a babbar gasar NHL, kuma duk sun tashi. Zafin kudancin Amurka ne ya kore su?

Amsa: Ba zafi ba ne, ɗan'uwa. A rufaffen zaure ake yin ƙanƙarar: bututai ne shimfiɗe a cikin daɓen siminti, ana tura ruwa mai tsananin sanyi ta cikinsu, a riƙa yayyafa ruwa a sama kaɗan-kaɗan har ya daskare, kaurinsa wajen inci ɗaya. Birnin Tampa na jihar Florida ya fi Atlanta zafi, ga shi ƙungiyarsa ta ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2004, 2020 da 2021.

Ƙungiyar Atlanta ta farko, Flames, ta fara wasa a 1972. Sunan, mai ma'anar harshen wuta, yana tuna wutar da sojojin Janar Sherman suka cinna wa birnin a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ba ta yi abin kunya ba: cikin kaka takwas, sau shida tana kai wa zagayen neman kofi, sai dai ko sau ɗaya ba ta tsallake matakin farko ba. Mai ita, Tom Cousins, asara ta yi masa yawa, ya sayar da ita a 1980 aka kwashe ta zuwa Calgary ta Kanada. Can ta ci kofin a 1989.

Ta biyu, Thrashers, wadda ta zo a 1999 da sunan tsuntsun jihar Jojiya inda Atlanta take, ita ce ta fi ci mini rai. Tana da ɗan wasa kamar Ilya Kovalchuk ɗan Rasha, wanda sau biyu yana zura ƙwallo 52 a kaka guda, amma attajiran da suka saye ta, Atlanta Spirit, sun shafe shekaru suna shari'a da junansu a kotu. Wa zai kula da ƙungiya? Sau ɗaya tak ta kai zagayen neman kofi, a 2007, New York Rangers ta lallasa ta wasa huɗu a jere. Mutum zai yi ta biyan kuɗin tikiti yana komawa gida da takaici ne har yaushe? Kujeru suka fara zama fayau. A 2011 aka sayar da ita, ta koma Winnipeg ta Kanada da sunan Jets.

In ɗanka yana son ganin wasan ido da ido, ya leƙa Duluth, kusa da Atlanta. Ƙungiyar Gladiators tana buga ƙaramar gasar ECHL a can tun 2003. Ya tafi da rigar sanyi.