Tambayi likita: jiri da tashin zuciya a cikin mota

Tambaya: Likita, ni direba ne, shekarata 14 ina jigilar fasinja tsakanin Tawa da Yamai. Wata biyu ke nan, da na wuce Ƙonni sai kaina ya yi nauyi, jiri ya kama ni, zuciyata ta riƙa tashi. Wani abokin aiki ya ba ni ƙwayar hana amai. In sha?

Amsa: Malam, don Allah kada ka sha. Ƙwayoyin nan, irin su Nautamine da Mercalm, suna sa barci, suna kuma rage zafin nama. Fasinja zai iya sha ya yi ta gyangyaɗi har Doso. Kai kuwa rayukan mutane ne a hannunka, a kan hanyar da ta fi kilomita 500.

Sannan ina shakkar jirin mota ne ke damunka. A can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na tafiya ko yana tsaye. Idan abin da kunne ya faɗa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai tashin zuciya ya biyo. Shi direba idonsa na kan hanya, ya san kwana kafin ya sha ta, ya san lokacin da zai taka birki, don haka da wuya abin ya kama shi. Mutumin da ya yi shekara 14 lafiya lau, yanzu abu ya fara, dole a nemi dalili.

Fara da motar. Kai ta wajen makaniki ya duba salansa. Idan ta huje, wata iska mai guba da ke cikin hayaƙin tana shigowa, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma alamunta ke nan: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Lura ko kana samun sauƙi idan ka fita ka sha iska, ko yaron motarka ma yana kukan ciwon kai. Bayan haka ka zo a auna jininka da sukari, a duba idonka da kunnenka. Na sha ganin direbobi suna tashi da asuba da shayi kawai a ciki, ba ruwa, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40. Wannan kaɗai ya isa ya juya kai.

Duk lokacin da jirin ya taso, ka sauka gefen hanya ka tsaya. Idan kuwa ka fara ganin abu biyu-biyu, ko harshenka ya yi nauyi, ko ɓarin jikinka ya mutu, kada ka sake taɓa sitiyari, a kai ka asibiti nan take.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7, duk ranar da za mu je Dogondutsi daga Yamai sai ya yi amai. Ina ba shi waya ya yi wasa don ya manta, amma a banza.

Amsa: Hajiya, wayar ce ke ƙara masa. Idonsa na kan abin da ba ya motsi, kunnensa na jin motar tana girgiza. Karɓe ta. Zaunar da shi inda zai hangi hanya ta gilashin gaba, ki buɗe taga kaɗan, ku yi ta hira. A cikin babbar motar fasinja, ku nemi kujerun gaba, na baya sun fi jijjiga. Kada ya fita da yunwa, kada kuma a cika masa ciki da abu mai maiƙo. Tsiren tasha ya jira sai kun isa. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su suka fi fama da wannan, yawancinsu kuma yana raguwa idan sun girma. In ya zama sai an ba shi magani, ki faɗa wa mai farmasi shekarunsa, a ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya kafin tashi. Bayan amai ya fara, ƙwayar ba ta zama a ciki.

Tambaya: Ina da cikin wata 3. Da ba na jin komai a mota, yanzu ko taksi na shiga sai amai.

Amsa: Ƙanwata, ciki yana kawo haka, musamman a watannin farko. Zauna gaba, ki nesanci warin mai da turare, ki ɗan tauna citta ko busasshen burodi. Kada ki sha kowace ƙwaya sai kin tambaya a wurin awo. Idan ko ruwa ya daina zama a cikinki, ki je asibiti a ranar.

Tambaya: Mahaifina dattijo ne, zai iya shan ƙwayar kafin doguwar tafiya?

Amsa: Idan yana da hawan jinin ido ko fitsari na yi masa wuyar fita, kada ya sha, tana iya tsananta su. Kawo shi a duba shi kafin ranar tafiyar.