Tambayoyin Masu Karatu: Me Za Mu Yi wa Baba?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu bayan ya shekara 35 yana aikin jinya a asibitin gwamnati a Jos. Ko ranar sallah sai ya duba majinyata kafin ya zauna kan tabarma da jikokinsa. Me za mu yi masa? Daga wata 'yarsa, Unguwar Rogo.

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. A ganina, ku haɗa hannu ku ɗauki nauyin karatun wani maraya a makarantar koyon jinya ta Vom, sannan ku kula da mahaifiyarku, domin ita ta riƙe gida duk daren da ya kwana wurin aiki.