Laka ba ta ci, to me ke kama wuta a gida?

Ka tambaye ni jiya a wurin aiki: tunda gidan da muke ginawa a bayan Garwa na laka ne, rufinsa kuma kwano, me ya sa na matsa wa mai gidan ya janye zana daga jikin bango, ya sauke karan dawar da ya jibga a kan rumfa? Ka ce ai laka ba ta cin wuta. Gaskiyarka, ɗana, ba ta ci. Amma wutar daji ba safai take zuwa ta dafa bango ba. Tartsatsi take aikowa a cikin iska, shi kuma ya nemi busasshen abu ya faɗa a kai.

Dubi inda kwano ya zauna a kan bango. Akwai ɗan rata a nan, tsakanin katakon rufi da laka. Tsuntsaye suna cusa ciyawa a ciki su yi sheƙa, iska tana tura ganye. Garwashi ɗaya ya shiga nan, katako ya kama daga ciki, mutanen gida ba za su sani ba sai hayaƙi ya cika ɗaki. Shi ya sa nake sa ka cike wurin da laka har ta taɓa kwano, kai kana ganin ɓata lokaci ne. Ramin shan iska kuma ba a toshe shi, zafin Maris zai dafa mutane. Ragar waya mai ƙananan ido ake sa masa. Ta roba ba ta da amfani, narkewa take yi.

Zana kuwa lagwani ce. In ta taso daga bakin gona ta zo ta manne da ɗaki, ka shimfiɗa wa wuta hanya har ƙofa. A yanke ta, taku biyu ko uku na ƙarshe a yi su da katanga. Kara, harawa, itacen girki da audugar da ke jiran awo, duk a kai su nesa da ɗakin kwana. Rumbu mai jinka ma haka. Wanda ya ga ɗakunan ƙabilar Musgum a garin Pus da ke can arewacin Kamaru, laka zalla tun daga ƙasa har ƙoli, ya san mutanen da ba su rasa dabara ba.

Kada ka ɗauka matsalar talaka ce kawai. A watan Nuwamba na 2018 wuta ta cinye garin Paradise a jihar Kaliforniya ta Amurka, mutum 85 suka rasu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone.

Sauran aikin a fili yake, kuma ba na magini kaɗai ba ne. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, don haka ta wannan ɓangaren ake fara share ciyawa. A yi layi biyu da fartanya har ƙasa ta fito, a ƙone abin da ke tsakaninsu da yamma lis, lokacin da iska ta kwanta, mutane na tsaye da ɗanyen ganye da ruwa. A yi shi a Nuwamba ko farkon Disamba, gamba tana da sauran danshi, wutar tana tafiya a hankali. Masu gadin gandun daji na Binuwai da ke kudu da Garwa ma da wuri suke ƙonawa saboda wannan dalili. In aka bari sai Fabrairu, ga masu farautar gafiya, ga makiyaya masu neman toho, wutar da za ta taso ta fi ƙarfin ganye. Kuma kada kowa ya kunna ashana bai sanar da jauro, wato mai unguwa, da maƙwabtan gona ba.

Gobe ka zo da ragar nan da almakashin kwano, mu fara da tagar gabas.