Baba ya sha methotrexate kullum maimakon sau ɗaya a mako, akwai makari?

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce yana jinyar ciwon daji kuma ya yi kwana huɗu yana shan ƙwayar a jere. Akwai makari, sunansa leucovorin, amma ku kai shi asibitin da ake duba shi yau ɗin nan, ku tafi da kwalin maganin.

Methotrexate yana toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke amfani da sinadarin folet (wani nau'in bitamin), leucovorin kuma yana zagaye toshewar ya ceci ɓargo da hanji. Gwargwadon saurin fara shi, gwargwadon amfaninsa. Folic acid na kemis ba ya maye gurbinsa, kada wani ya ruɗe ku. Likita zai auna jini da ƙoda, ya sa ƙarin ruwa. In ƙoda ta gaza akwai glucarpidase, wata allura da ke rushe methotrexate a jini, wadda Amurka ta amince da ita a 2012, sai dai tsadarta ba ta wasa ba ce.

Abin da ya fi damuna garkuwar jikinsa, domin dafin maganin yana raunana ta. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, gyambon baki ko zawo, duk na gaggawa ne. Kada ku ba shi Septrin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara wa maganin dafi.