Jan Fenti A Bangon Shago: Wa Ke Da Ikon Rusawa, Wa Zai Biya Diyya?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a cikin garin Sakkwato. Ina da shaguna ukku a bakin titi. Biyu na fidda su ne daga jikin gidan da muka gada wurin mahaifinmu, Allah shi jiƙan shi. Tun zamanin Gowon ya sayi gidan, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa tana hannuna. Na ukkun rumfar kwano ce da na kafa gaban gidan. Ƙaramar hukuma ta ba ni takardar izini, kuma duk shekara ina biya ana ba ni rasit. Shekaranjiya wasu ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti ga duka ukkun, suka ce za a faɗaɗa titi, a gina magudanar ruwa, a yi wa 'yan keke napep da kabu-kabu wurin tsayawa. Sun ba mu sati biyu, da baki, ba takarda. Duk layinmu abin ya shafa. Wasu na cewa mu tare hanya, wasu na cewa a haɗa kuɗi a kai musu. Mi doka ta ce?

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta.

Fentin iri ɗaya aka shafa wa shagunan nan uku, amma a wurin doka ba matsayinsu ɗaya ba. Biyun da ke jikin gida kana da ƙafar tsayawa a kansu sosai. Rumfar kwano kuwa, gara in gaya maka tun yanzu, da wuya ta tsira. Idan ka haɗa su a ƙorafi guda kana neman haƙƙi iri ɗaya, raunin rumfar zai ja sauran ƙasa.

Mu fara da gidan. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora dukkan filayen jiha a hannun gwamna, yana riƙe da su amana a madadin jama'a. Sashe na 2 ya raba aikin: filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke kula da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Birnin Sakkwato ya ratsa Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya kuma shiga Wamakko da Kware da Dange-Shuni, amma ko a wacce gidanka ya faɗa, muddin cikin birni yake, ciyaman ba shi da ikon soke haƙƙinka a kansa. Abin da zai iya shi ne ya nemi gwamna ya soke, domin sashe na 28 ya amince a karɓi fili idan gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma na buƙatarsa don amfanin jama'a. Titi da magudanar ruwa suna cikin wannan ba tare da gardama ba.

Kada rashin satifiket na haƙƙin zama daga gwamna ya karya maka gwiwa. Dokar ta fara aiki ranar 29 ga Maris 1978, kuma sashe na 34 ya ce duk wanda ke riƙe da ginannen fili a birni kafin wannan rana, a ɗauke shi tamkar gwamna ne ya ba shi haƙƙin zama. Gidan da aka saya zamanin Gowon, lokacin da Sakkwato ke babban birnin Jihar Arewa maso Yamma, ya shiga wannan sahu. Takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta mallaka wa mutum fili, amma a shari'arka tana da daraja, domin ita ce za ta nuna cewa gidan ya riga dokar zuwa. Ka ɗauke ta hoto, ka yi kwafi, ka ɓoye ta asalin. Duk wanda ya ce ka kawo ya gani, kwafi za ka miƙa masa.

Soke haƙƙi kuma yana da hanyarsa. Dole ya fito a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, a kuma isar maka da sanarwar. Sashe na 44 na dokar filaye ya faɗi yadda ake isarwa: a ba ka hannu da hannu, ko a ajiye a gidanka, ko a aiko ta gidan waya da rajista, idan kuma an nemi mai wuri an rasa, a manna a jikin ginin. Haƙƙinka ba ya faɗuwa sai sanarwar ta iso gare ka. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance ta 1991, ta ƙara da cewa sai an bayyana wa mai fili aikin da za a karɓe shi dominsa, kuma ba a karɓe filin wani don a miƙa wa wani ɗan kasuwa. Jan fenti da maganar baki ba su cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba. Ka riƙe batun ɗan kasuwar nan a ranka. Idan bayan an share wuri da sunan tasha aka wayi gari an jera sababbin shaguna ana rabawa, wannan wata shari'a ce daban, kuma mai ƙarfi.

Sai dai akwai tambayar da kai kaɗai za ka amsa wa kanka kafin ka ɗaga murya: lokacin da ka fidda shagunan biyu, a cikin iyakar gidan suka tsaya, ko ka ɗan matso da bango gaba? Kusan kowa ya yi haka a layukanmu. Ana ƙara baranda, a zuba dakali, a rufe lambatu da siminti, bayan shekara goma kowa ya manta inda tsohon bango yake. Duk abin da ya fito cikin hurumin titi ba naka ba ne, kuma ba a biyan diyyarsa. Idan titin na Tarayya ne, irin wanda ya fita zuwa Gusau ko Illela, hurumin ya fi faɗi ƙwarai: mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe. Ka samo safiyo mai lasisi ya auna maka, ya fitar da zane. Kuɗinsa bai kai asarar shago guda ba. Haka nan mai da ɗakin gida shago yana buƙatar amincewar hukumar tsara birane ta jiha. In ba ka nema ba a lokacin, za su riƙe wannan a matsayin makami. Bai ba su damar rusawa ba sanarwa ba, amma zai rage maka ƙarfi a wurin ciniki.

Diyya ita ce inda mutane suka fi shan mamaki. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum da ƙarfi sai an biya shi cikin gaggawa, an kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe. Amma da ka koma sashe na 29 na dokar filaye, za ka ga ba kuɗin ƙasar ake biya ba. Abin da ka ɗora a kanta ake lissafawa: nawa za a kashe a sake gina irin ginin a yau, sannan a cire tsufan da ya yi, a ƙara kuɗin ruwa idan biyan ya yi jinkiri. Cinikin da za ka rasa da kwastomomin da suka saba da wurin ba sa cikin lissafi. Ni a ganina wannan rashin adalci ne ga mai shagon bakin titi, wanda wurin ne jarinsa fiye da bulon, amma haka dokar take. Saboda haka ka ɗauko mai ƙiyasin kadara mai rajista ya rubuta nasa rahoton tun ginin yana tsaye, da hotuna da awo, har ƙofofin ƙarfe da wayarin da tayil. Bayan katafila ta wuce, lissafin ma'aikatan gwamnati kawai zai rage a kan tebur. Idan adadin da suka yanka bai yi maka ba, sashe na 30 ya ce a kai wa Kwamitin Rabon Filaye na jiha. In kuma aikin ya ci har cikin ɗakunan kwana, sashe na 33 ya ba gwamnati damar ta ba ku wani matsuguni maimakon kuɗi, ku kuma kuna da zaɓin karɓa.

Yanzu rumfar. A nan ƙaramar hukuma tana cikin gonarta. Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ba ta kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, magudanan ruwa, kwashe shara, da tsara shaguna da rumfuna. Takardar da ta ba ka izinin zama ne na wucin gadi, rasit kuma shaida ne cewa ka biya kuɗin wannan zama. Ko shekara talatin ka yi kana biya, bai zama mallaka ba, kamar dai mai kama rumfa ranar kasuwar Achida: yawan zuwansa ba ya sa ya gaji wurin. Ka duba takardar da kyau, galibi akwai layin da ke cewa za a iya janye izini duk lokacin da hukuma ta buƙaci wurin. Abin da za ka nema a nan shi ne wa'adi mai ma'ana a rubuce, damar kwance kwanonka da katakonka da hannunka, ragowar kuɗin shekarar da ka riga ka biya, da kuma a sa sunanka a gaba idan za a ba da wasu rumfuna a madadin waɗannan. Zan faɗi wannan ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: hukumar da ta shekara da shekaru tana karɓar kuɗin rumfa a kan lambatu ita ma tana da hannu a toshewarsa. Amma duk wanda ya ga yadda unguwar Mabera ke komawa idan damina ta kankama ba zai yi faɗa da aikin magudanar ruwa ba, kuma alƙali ma mazaunin garin nan ne. Kada ka gina shari'arka a kan cewa aikin ba shi da amfani.

Wasiƙarka ba ta faɗi su wa suka shafa fentin ba, kuma wannan ne farkon abin da za ku gano cikin kwana biyun nan. Ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, ko na hukumar tsara birane, ko na ma'aikatar ayyuka, ko yaran ɗan kwangila? Ku mutanen layin ku rubuta takarda guda, kowa ya sa hannu, zuwa ga ciyaman ta hannun sakatare, kwafi ga ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane da hakimin yankinku. Ku tambaya: wa ya ba da umarni, ina zanen aikin, mita nawa za a ci, akwai sanarwar soke haƙƙi, an ware kuɗin diyya a kasafi ko ba a ware ba. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinku. Ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan jihohi ma. Tambayar kasafi ba tsokana ba ce. Tun hukuncin 11 ga Yuli 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, har da 23 na jihar nan, kuna da hujjar tambayar ciyaman da kansilanku abin da aka tsara kashewa a mazaɓarku. Aikin da aka sa wa kuɗin kwalta da kwalbati aka manta da diyya, shi ne ke barin mutane suna zarya a ofisoshi shekaru bayan rusau.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a Sakkwato, kyauta take aiki, kuma takardarta kan sa jami'i ya zauna ya saurare ku. Ba ta da ikon tsayar da katafila, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu. Idan kwana bakwai suka cika ba amsa, ko kuka ga an fara sauke kayan aiki, ku tafi Babbar Kotun Jiha. Rigimar haƙƙin fili a birni tata ce bisa sashe na 39 na dokar filaye, ba ta kotun shari'a ko ta majistare ba. Lauyanku zai nemi umarnin dakatarwa na gaggawa a kan shagunan da ke jikin gidaje, ya kuma aika sanarwar niyyar ƙara tun yanzu, domin dokokin hukumomi da yawa sun sharɗanta ta, galibi wata guda kafin shigarwa. Sauri yana da muhimmanci saboda dalili biyu. Kotu ba ta hana abin da an riga an gama. Sannan dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a kai ƙara, kuma ko da yake kotuna sun ce ba ta shafi neman dawo da fili ba, lauyan gwamnati zai ɗaga ta a kan neman kuɗin ɓarna. Da zarar magana ta shiga kotu an kuma isar musu da takardu, hukuma ba ta da damar yin gaban kanta. Kotun Ƙoli ta tsawatar wa gwamnatin Legas a kan irin haka a shari'ar Ojukwu ta 1986. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya da mai ƙiyasi ɗaya, ya fi sauƙi ga kowa.

Shawarwarin maƙwabtanka biyu duk ka bar su. Tare hanya laifi ne, zai mai da ku waɗanda ake tuhuma. Kuɗin da za a haɗa a kai wa ma'aikata kuwa cin hanci ne, dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 tana kama mai bayarwa kamar yadda take kama mai karɓa, kuma wanda ya karɓa ba shi ya zana titin ba. Idan suka zo kafin ku samu odar kotu, kada kowa ya tsaya gaban mota. Ku kwashe kaya, ku ɗauki bidiyo daga nesa, ku rubuta lambar motoci da lokaci.

Ka ce gidan gado ne. Idan ba a raba shi ba, diyyar ba taka kai kaɗai ba ce, ta dukkan magada ce, har da mata da waɗanda suka yi aure a wani gari, ko da kai ka gina shagunan da kuɗinka. Ku zauna cikin makon nan ku rubuta wanda zai wakilce ku, a bayyana abin da ka kashe daga aljihunka, kowa ya sa hannu gaban shaidu. In an samu saɓani a kan rabon, wannan kam kotun shari'a ce ke da hurumi. Kada kuma ka sa hannu a takardar karɓar diyya sai lauya ya karanta ta, domin yawancinsu suna ɗauke da layin da ke cewa ka yafe duk wani ƙorafi na gaba.