Amsa ga wanda ya daki mota daga baya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo jiya, inda ka ce ka daki bayan wata mota saboda direbanta ya taka birki ba zato ba tsammani, kana tambaya ko laifin ba nasa ba ne. Allah ya kiyaye gaba, mun gode masa da abin ya tsaya a kan bamba da fitilu. Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: a mafi yawan lokuta wanda ya daka daga baya ake ɗora wa laifi, domin na gaba yana iya tsayawa duk lokacin da yaro ya faɗo titi ko rami ya bayyana masa, kai kuwa da ke biye da shi ba ka ganin abin da ya gani.

Ka ce birkinka lafiya lau yake, kuma na yarda, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Daga lokacin da jar fitilar motar gaba ta kama zuwa lokacin da ƙafarka za ta bar totur ta sauka a kan birki, akan ci daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har da rabi, ko da direba a natse yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato tsawon ƙananan motoci kamar shida, tun birkin bai fara kamawa ba. Bayan ya kama ma, idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ninkawa yake sau huɗu. Ƙwarewa ba ta goge wannan lissafin.

Shi ya sa ake auna tazara da lokaci. Ka zaɓi wani abu a bakin hanya, kamar allo ko itace, da zarar motar gabanka ta gifta shi ka ƙirga ɗaya, biyu, uku a tsanake. Idan ka iso wurin ba ka gama ƙirgar ba, ka manne mata da yawa, sai ka sassauta. Idan ana ruwa kwalta ta yi santsi, ka ninka ƙirgar, haka ma idan ka yi lodi ko tayoyinka sun suɗe. Bayan tirela kuwa, matuƙar ba ka hango madubinta na gefe ba, direbanta bai san da kai ba.

Na san za ka ce da ka bar fili wani zai kutso ya cike shi. Ya kutso mana, sai ka ɗaga ƙafa kaɗan ka sake buɗe tazarar, abin da ka rasa bai wuce daƙiƙa biyu ba. In kuma kai aka manne wa, kada ka taɓa birki don ka tsorata shi, ka ƙara fili a gabanka yadda za ka iya tsayawa sannu a hankali, ka ba shi hanya ya wuce.

Sannan ka kira mutumin da ka daka ka ji lafiyar wuyansa, domin irin wannan dukan yana fizgar kai baya da gaba, kuma ciwon yakan ɓoye sai washegari ko bayan kwana biyu ya fito.