Muryar da aka turo rukunin unguwa kan maganar "we are on the same page"

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na saurari tambayarka, wai da Sakatare ya rubuta "we are on the same page" bayan taron jiya, shin an gama magana kenan kan kuɗin gyaran taransifoma? Na gane inda ka dosa, so kake ka ji ko biya ya hau kanka. To bai hau ba tukuna.

Kalmar nan kamar karatun zaure ce, malam ya ce a buɗe wuri kaza, kowa ya ɗora yatsa a shafi ɗaya. Wato mun fahimci juna, abu ɗaya muke kallo. A'a, bari in gyara, wani sa'in ana nufin bakinmu ɗaya ma, ban musa ba. Amma ba a ƙirga hannu ba. Wanda ake ƙirga hannu shi ne "majority carries the vote", masu rinjaye su tafi da shi ko kana so ko ba ka so. Sai kuma "consensus", wanda 'yan siyasa ke ce wa maslaha. Shi ma ba da baki ake yi ba. Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 84, cewa ta yi sai duk masu neman takarar da aka tantance sun amince a rubuce, in mutum ɗaya ya ƙi, a koma zaɓen fid da gwani. To mu wa ya sa hannu jiya?

Abin da ya sa nake ɗaga murya, wallahi an taɓa yi mini. Lokacin rijiyar burtsatsen layinmu a nan Tudun Wada, muka zauna kan tabarma a ƙofar masallaci bayan isha'i, kowa na gyaɗa kai, wani ya faɗi wannan Turancin, aka shafa fatiha. Washegari na hau mashin har Sabon Gari na ciwo bashin famfo da sunana. Da aka zo karɓar kuɗi sai ga shi ashe wasu sun ɗauka gida-gida za a biya, wasu magidanci-magidanci. Gidan haya mai ɗaki takwas ya miƙo daidai da na tsohuwar da ke zaune ita da jikokinta. Wata huɗu ina kauce wa layin shagon mai famfon nan saboda kunya. Har yau rasit ɗin na cikin durowata, kuma wanda ya fi kowa gyaɗa kai a daren... to, a bar wannan.

Malam Sakatare, don Allah ka sake rubutawa da Hausa: nawa ne, mita ake bi ko gida, masu shago fa, wa zai riƙe kuɗin, zuwa yaushe. Kowa ya amsa da sunansa a nan. Ni ban ba da ko sisi ba sai na ga wannan. Wassalam.